Yadda za ka cire marfin cikin ƙofar mota ka kashe ƙarar da ke damunka

Motar da ta saba da hanyoyinmu ba ta daɗewa sai ta fara magana. Ka sauka daga kwalta a Kalgo ko Bunza ka bi burji, ka dawo, ka yi ta haka damina biyu da rani biyu, wata rana za ka ji wani abu cikin ƙofa yana kaf-kaf-kaf duk sanda taya ta taka gargada. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, amma ƙarar nan ta hana ka sakat. Corolla tawa ƙirar 2006 ta yi mini haka kusan wata uku, daga Birnin Kebbi zuwa Jega ba na jin komai sai ita.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin motocinmu sun shekara goma ko fiye kafin su baro Kwatano, kuma hannaye da yawa sun riga sun buɗe ƙofofinsu. A watan Afrilu zafi a nan yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Roba ta bushe, soso ya marmashe, ƙurar hunturu ta shiga tsakanin abubuwa tana ci kamar sanfefa. Ƙarar ƙofa kusan kullum abu biyu ne da ya kamata su manne ko su rabu, sai ga su suna taɓa juna. Aikinka ka gano waɗanne biyu ne. Cusa tsumma cikin ƙofa ba ya gano komai.

Kafin ka taɓa sukudireba

Fara da kwashe duk abin da ke aljihun ƙofa: carbi, kwalbar turare, caja, biro, busasshen goro. Duba kan bel ɗin kujerar da ba kowa a kanta, domin yana yawan bugun ginshiƙin mota, sai kunne ya ce maka ƙofa ce.

Daga nan samo wanda zai tuƙa, kai ka zauna kusa da ƙofar da kake zargi. Ku bi hanyar da ka san tana tayar da ƙarar, a hankali. Danna marfin da tafin hannu wuri-wuri: sama kusa da gilashi, wurin ɗora hannu, bakin sifika, ƙasa. Inda ka danna ƙarar ta ɗauke, nan matsalar take, kuma a jikin marfin ne ko maƙalansa. Idan duk dannawar ba ta canza komai ba, sauke gilashi rabi. Ta ƙaru ko ta canza murya? To gilashi ne, ko injin da ke ɗaga shi, ko robar da yake bi. In kuwa ƙarar ba ta zuwa sai ka ƙure rediyo ganga ta buga, sifika ce ko abin da ke kusa da ita. Ƙarar siririn ƙarfe, cin-cin-cin, galibi sandunan makulli ne.

Akwai ƙararrakin da ba sa buƙatar a cire komai, kuma da na san haka tun farko da ban ɓata wuni guda a kan ƙofar baya ba. Wani dattijon fanel bita ne ya kama ƙofar ya ɗaga ta sama ya sake ta, ya ce mini, “Malam, wagga ƙara ba cikin ƙohwa take ba.” Ƙarfen nan mai kamar harafin U da ke jikin ginshiƙi, wanda makulli ke cafka, shi ne ya cinye. Gwajinsa mai sauƙi ne: naɗa masa baƙin tef na lantarki zagaye biyu ko uku, rufe ƙofa, ka yi tafiya. In ƙarar ta tafi, shi za a daidaita ko a canza. Haka kuma ƙofar da ke motsi sama da ƙasa in ka ɗaga ta, hinjinta ne ya ci. Mai yin ƙwas lokacin buɗewa kawai, ƙarfen da ke hana ƙofa wagewa ne. Mai ƙiƙi-ƙiƙi kamar sabon takalmi, robar kewayen ƙofa ce ta sha ƙura. Wanke ta da ruwa da sabulu, ka shafa mata man silikon.

Sai in duk waɗannan sun fita daga zargi za ka buɗe.

Kayan aiki, wuri da lokaci

Marfin nan shi ne makanikai da masu kayan Beljiyam ke kira domat. Cire shi ba ya son ƙarfi ko kaɗan. Kana buƙatar sukudireba sita matsakaiciya, wato mai baki kamar alamar tarawa, da ƙaramar fulat mai shafaffen baki, da bokis sifana lamba 10, da filaya mai dogon baki, da tocila. Motocin Jamus da Faransa irin Golf da Peugeot 406 suna amfani da sukuru mai rami kamar tauraro mai baki shida, don haka ka nemi makullansa masu lamba T20, T25 da T30. Kada ka tura musu fulat, za ka cinye kan ne kawai.

Abin ɓamɓara na roba shi ne ya fi dacewa. In babu, naɗe bakin faffaɗar sukudireba da tef ko ƙyalle. Ƙarfe tsirara yana kankare fenti, wurin kuma ya fara tsatsa da damina.

Sayi sababbin kilif, wato maƙalan roba da ke riƙe marfin, tun kafin ka fara. Ko gwani sai ya karya ɗaya ko biyu a tsohuwar mota. Girmansu ya bambanta, saboda haka in ba ka san irin naka ba, ciro guda ɗaya daga kusurwar ƙasa ka kai wa mai kaya ya gwada. Haɗa da tef mai laushi irin na ƙyalle, da kebul tai, da gam mai haɗi biyu irin Araldite, da farin giris kaɗan.

Kada ka yi aikin da sanyin safiyar hunturu, lokacin roba ta sandare tana karyewa kamar busasshen kara. Bari hantsi ya ɗaga, motar ta ɗan sha ɗumi, sannan ka ja ta inuwa inda iska ba ta kwaso yashi. Shimfiɗa tabarma gefen ƙofa, ka ajiye kwano don sukurori. Sukurun da ya faɗa rairayi ya tafi ke nan.

Batir da jakar iska

Sauke gilashin har ƙasa, ka kashe mota, ka zare makulli. Duba gefen kujera, ginshiƙi da jikin ƙofar. In ka ga an rubuta SRS, motar tana da jakar iska ta gefe, wato jakar da ke buɗewa ta tare mutum a karo. A wasu motocin na'urar da ke jin karo tana cikin ƙofa, wasu tsofaffin motocin Jamus ma jakar kanta a ƙofar take. A irin wannan mota cire kan batir mai alamar ragi, ka jira. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3. Duk waya ko soket mai launin rawaya ta wannan layi ce, ka bar ta yadda ka same ta. In ka kunna mota alhali ɗaya a cire, fitilar gargaɗi za ta kama a dashbod, kuma a motoci da yawa sai an sa kwamfuta kafin ta mutu. Masu Honda su tabbata suna da lambar buɗe rediyo kafin su cire batir.

Neman sukurorin da aka ɓoye

Yawancin ɓarna a nan ake yin ta. Mutum ya kwance sukuru biyu, ya ɗauka ya gama, ya fizga, na ukun da bai gani ba ya tsaga marfin.

Fara da ɗan murfi mai kusurwa uku da ke bayan madubin gefe; kilif ne ke riƙe da shi, ɓamɓaro shi daga sama. In akwai ƙaramar sifika a jikinsa, zare soket ɗinta. Sai hannun buɗe ƙofa na ciki: ja shi kamar za ka buɗe, ka haska bayansa, za ka ga ɗan murfi, ƙarƙashinsa sukuru. Sai ramin da kake sa yatsu ka jawo ƙofa: ɗaga 'yar robar da ke gindinsa, akwai ɗaya ko biyu, kuma su ne suka fi tsawo da ƙarfi tunda su ke ɗaukar nauyin rufewa. Allon makunnan gilashi yana ɗagowa daga gefe ɗaya, ɗaya gefen harshe ne da ke zamewa. Gwada a hankali ka ji wane gefe ke bayarwa. In ka ɗaga ta gefen harshen, ya karye, allon zai yi ta rawa har ka sayar da motar. Danna ɗan kunnen soket kafin ka zare, kuma ka riƙe soket ɗin, ba wayar ba. Leƙa ramin da allon ya bari, sau da yawa akwai wani sukurun a ciki. A ƙarshe bi gefuna da ƙasan marfin da yatsa, ka duba bayan 'yar fitila ko jan abin walƙiya in akwai.

Jera sukurorin a kan kwali yadda suke a ƙofa. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya kaiwa ga gilashi.

Motar da ke da wainda na hannu, wato wadda ake murza hannu a ɗaga gilashi, sai an fara cire hannun. A motocin Japan wata 'yar waya ce mai kamar kofaton doki ke riƙe da shi ta baya. Zura bakin ƙyalle tsakanin hannun da marfin, ka ja shi hagu da dama kamar mai goge takalmi, wayar za ta fito. Tana tsalle sosai, ka tare da hannu. A Golf 3 babu wannan wayar, zoben da ke bayan hannun ake turawa gefe.

Ɓalle marfin

Fara daga kusurwar ƙasa. Zura abin ɓamɓara tsakanin marfi da ƙarfe, ka zame shi har ka ji ya tokari kilif, sannan ka murɗa a daidai wurin. In ka ɓamɓara a tsakiya tsakanin kilif biyu, marfin ne zai lanƙwashe, gindin kilif ɗin ya ɓalle. Da ɗaya ya yi ɓas, sa yatsunka, ka bi ƙasa da gefuna ɗaya bayan ɗaya. Sukan kai goma, ko sama ko ƙasa kaɗan. Duk inda ya ƙi, tsaya ka sake neman sukuru.

A yawancin motoci saman marfin ba kilif ba ne, rataye yake a bakin taga. Idan ƙasa da gefuna sun saki, kama shi da hannu biyu ka ɗaga sama, ka ɗan kaɗa shi don ya wuce maɓallin kulle. Kada ka ja da baya da shi, wayoyin da ke bayansa ba su fi taƙi ɗaya ba. Ɗora gindinsa kan ƙafarka, ka leƙa, ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai. Za ka ga kebul ɗaya ko biyu masu kamar na birkin keke suna zuwa hannun ƙofa. Zare rigar kebul ɗin daga maƙalinta, ka juya shi har ɗan dunƙulen kansa ya fita daga rami. Inda suke biyu, ɗaya na buɗewa ne ɗaya na kullewa, kuma musanya su abu ne mai sauƙi, shi ya sa hoton. Tsofaffin motoci sanduna ne da su, kowace da ɗan maƙalin roba da ake juyawa kafin ta fita.

Kwantar da marfin a tabarma, fuskarsa ƙasa. Kilif ɗin da suka maƙale a jikin ƙarfe ciro su ka mayar da su jikin marfi.

In kana da shakka har yanzu, mayar da allon makunnai kawai, ka zaga unguwa a hankali ba marfi. Ƙarar ta tafi, to a marfin take. Tana nan, to cikin ƙarfe ne.

Ledar da ake rainawa

Bayan marfi akwai leda da aka manna da baƙin gam mai danƙo. Mutane da yawa suna ɗaukarta ledar kamfani ce kawai, su yage su yar. Cikin ƙofar mota wuri ne da ruwa ke bi: ruwan sama yana gangarowa ta jikin gilashi, ya wuce robar taga, ya fita ta ƙananan ramukan da ke gindin ƙofa. Ledar ce ke raba ɓangaren jiƙa da na bushewa. Wani rewaya ya taɓa sa mini sifika ya yage tawa bai faɗa mini ba. Ruwan Agusta ya shiga, kwalin marfin ya kumbura, makunnin gilashi ya fara gardama, ga ƙura da ke bulbulowa cikin mota da rani ban san daga ina ba.

Ɓare ta a hankali daga sama ko daga gefen da kake buƙata, kana yanke zaren gam ɗin da reza yayin da yake miƙewa. Ɓare iya inda hannunka zai shiga, ka naɗe ka kafe da tef. Kada gam ɗin ya taɓa ƙasa ko rigarka. In ya kwashi ƙura ba zai sake kamawa ba, in ya kama shadda ba ya fita.

Cikin ƙofa

Bakin ramukan ƙarfen nan suna da kaifi, sa safar hannu. Kuma duk lokacin da hannunka ke ciki, makulli ya kasance a aljihunka, musamman in akwai yara kusa. Injin gilashi yana da ƙarfin da zai datse yatsa.

Yanzu kana son gilashi a sama. Mayar da batir da allon makunnai, ka ɗaga shi, ka sake kashewa. Haska gindin ƙofar. A tawa na kwaso noti biyu, karyayyun kilif huɗu, da tsakuwar gilashin da ya taɓa fashewa tun kafin motar ta zo hannuna, duk cikin yashi. Kwashe tas, ka zura tsinke a ramukan fitar ruwa.

Sai ka dunƙule hannu ka riƙa bubbuga ƙofar wuri-wuri kana saurare, ɗaya hannun yana riƙe abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ka riƙe ƙarar ta mutu, shi ne.

Sandunan da ke zuwa makulli da hannun waje su ne na farko a zargi. Kowace tana da maƙalin roba a kanta, wani lokaci da soso a tsakiya inda take kusa da ƙarfe. Maƙalin da ya karye a canza shi. Inda soso ya marmashe, tsaga guntun siririn tiyo irin na ruwan waifa ka sa wa sandar riga, amma ka gwada ka ga tana motsi ba tare da ta cije ba.

Wayoyi na biye. Duk damin wayoyin da ya saki daga maƙalinsa, naɗe shi da tef mai laushi ka ɗaure a ramin da yake tun asali. Bayan ka ɗaure, sauke gilashi ka ɗaga kana kallo, domin wayar da ta shiga hanyarsa za ta tsinke. Wayoyin da masu sa sifika da na'urar kulle suka ƙara su ne suka fi yawo sakaka.

Notocin injin gilashi, masu lamba 10 a yawancin motocin Japan, bi su ɗaya-ɗaya. Ƙanana ne, da sun zauna ka ƙara kaɗan ka tsaya. Sauke gilashin har notocin da suka haɗa shi da injin su bayyana ta ramukan da aka tanada. Waɗannan sun fi son lallaɓawa, tunda gilashi ne a bayansu. Kama gilashin ka kaɗa gaba da baya. In yana wasa da yawa alhali notoci a ɗaure, robar da yake bi ta cinye ko ta zame daga hanyarta, ko kuma 'yan robobin injin sun ci. Robar a wanke ta, a fesa silikon. Kada ka sa mata baƙin mai ko man birki kamar yadda ake yi a wasu garejoji. Baƙin mai yana kumbura roba, kuma duk abin da ka zuba zai kama ƙura ya zama taɓo. Hanyar ƙarfen injin goge tsohon giris, ka shafa sabo siriri.

Sifika: danna takardarta a hankali da yatsu a kewaye. In ta yage ko tana gurza, sai sabuwa. In lafiyarta lau, ɗaure sukurorinta ka sa siririn soso tsakaninta da ƙarfe. Wasu Toyota da ribit aka kafe ta, in ya saki sai a huda a sa noti. Duba notocin madubi da na hannun waje tunda kana wurin.

Akwai ƙarfe mai kauri da ya gitta cikin ƙofa don kariya a karo. Kamfani yana sa ɗigon gam tsakaninsa da fatar waje. In zafi ko bugun fanel bita ya raba su, ƙofar takan yi kuka kamar ganga. Cike tsakanin da gam ɗin gilashin mota ko guntun roba mai kauri da aka manna. Mai son ƙofa ta yi nauyin murya yana iya manna tabarmar kashe ƙara a fatar waje, kuma ba sai an rufe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin huɗu a tsakiyar fili ya isa. Amma kada ka sa filashban na rufin kwano. Kwalta ce a jikinsa, zafinmu yana narka ta, ta yi wari, ta zame ta toshe ramukan ruwa.

Marfin kansa

Ɗaga shi ka girgiza kusa da kunne. Marfi ba abu ɗaya ba ne, guntaye ne da aka haɗa ta hanyar narka kawunan roba ta baya. Nemi kawunan da suka ɓalle, musamman wajen aljihu da wurin ɗora hannu. Ana sake narka su da ayan ɗin rewaya, ko a ɗaura gajeren sukuru da ɗan zoben ƙarfe a ƙarƙashin kansa, gajere sosai don kada ya ɓullo ta fuska. Gindin kilif da ya ɓalle a kankare wurin a manna da gam mai haɗi biyu, a bar shi ya bushe sosai. Sufa gulu yana ƙamewa kamar gilashi, gargadar farko zai saki.

Kilif ɗin da ke rawa a mazauninsa, sa masa ɗan tef a wuya, ko ka yanka zobe daga tsohon tub na babur ka zura masa. Duba bayan marfin da jikin ƙofar, duk inda ka ga wuri ya yi sheƙi ko ya tara farar ƙura kamar gari, nan ake gogayya. Manna tef mai laushi a wurin. Soson katifa yana da amfani a wannan ɓangaren na bushewa kawai. A bayan leda zai sha ruwa ya riƙe, ƙofa ta ruɓe daga ciki.

Mayarwa

Manna ledar a kan layinta na asali, ka bi da babban yatsa kana dannawa, musamman ƙasa. Gindinta yana da yadda aka tsara shi don ruwa ya koma cikin ƙofa, kada ka bar shi a buɗe. In ta yage, yanka leda mai kauri daidai da ita.

Sauke gilashi. Haɗa kebul da soket bisa hoton da ka ɗauka. Kafin ka buga kilif ko ɗaya, kuma ƙofa tana buɗe, gwada komai: tura harshen makulli da sukudireba kamar an rufe, ja hannun ciki ka ga ya saki, sake turawa ka gwada na waje, kulle ka buɗe, gilashi, madubi, sifika. Wanda ya rufe ƙofa da kebul a cire, kuma hannun waje ya ƙi, ya shiga aikin da ya fi wanda ya fara. A ƙofar baya duba ɗan maɓallin hana yara buɗewa, kada ka ɗauka kai ka ɓata.

Rataya saman marfin a bakin taga, ka tabbata ya zauna daga farko har ƙarshe. Leƙa ta gefe ka ga kowane kilif yana kallon raminsa, sannan ka buga da gindin tafin hannu daidai kansa. Wanda bai saitu ba in ka buga lanƙwashewa zai yi. Mayar da sukurori, na cikin roba da sun tsaya ka tsaya.

In ka cire batir, gilashin da ke hawa da taɓawa ɗaya yana iya mantawa. A yawancin motoci sauke shi har ƙasa, ka ɗaga har sama, ka ci gaba da riƙe makunnin na 'yan daƙiƙoƙi.

Sai ka rufe gilashi, ka ɗauko buta ka zuba ruwa a jikinsa ta waje. Buɗe ƙofa ka duba: ruwan ya riƙa ɗiga ta ramukan gindi, ƙasan marfin kuma ya kasance a bushe. In ka ji danshi a nan, ledar ba ta kama ba, sai ka sake ɓalle kilif ɗin ƙasa ka danna ta. Daga nan ka koma kan hanyar da ka yi gwajin farko, da gudu iri ɗaya, rediyo a kashe.